Yadda ake zagaya tsofaffin gine-ginen birnin Rum a dawo da hotunan kirki

Mutum zai je Rum, babban birnin Italiya, ya dawo da hotuna ɗari uku a waya. In ka duba sai ka tarar rabinsu ƙeyar wasu baƙi ce, sauran kuma rana ta wanke su fari fat. Ba laifin wayar ba ne, lokacin fita aka kuskure. Ga yadda nake tsara nawa yawon.

Tun kana gida ka sayi tikitin Kolosiyam, wato katafaren filin wasan Rumawan da, ta intanet. Ana ba da shi ne da rana da sa'a, da sunanka a jiki, saboda haka kada ka bar fasfo a masauki. Tikitin ya haɗa da Forum, wato dandalin mulki da kasuwar Rumawan da, da kuma tudun Falatin. Lahadin farko na kowane wata kyauta ake shiga, amma ban ba ka shawara ba, don layin ranar kamar na gidan mai ne lokacin wahalar fetur.

Sai sammako, kuma a nan aikin yake. Idan ka idar da sallar Asuba kada ka koma barci. A watan Yuni rana na fitowa kafin ƙarfe shida, kuma sa'o'i biyun farko su ne rabonka. Fara da maɓuɓɓugar Tirebi, wadda aka kammala a 1762. Da hantsi ko wurin sa ƙafa babu, amma da sassafe daga kai sai masu shara da 'yan tsirarun da suka riga ka tashi, har ƙarar ruwan kana ji.

Daga nan ka gangara Kolosiyam. Sarki Basfasiyan ne ya fara gina shi, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 miladiyya, kuma yana ɗaukar 'yan kallo wajen 50,000. Kuskuren yawancin mutane shi ne da sun fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa sai su ɗaga waya sama, ginin ya fito kamar zai faɗi da baya. Kai ka hau matakalar da ke gefen tashar zuwa titin da ke sama. Daga can kana fuskantar ɓangaren arewa, inda bangon waje yake tsaye da hawa huɗunsa, tsayin mita 48. Na kudu ya zube a girgizar ƙasar 1349, aka yi ta kwasar duwatsunsa ana wasu gine-gine. Riƙe wayar a miƙe, ka ja da baya maimakon ka karkata ta, sannan ka jira wani ya ratsa ta gindin ginin. Ba a sanin girman abu a hoto sai an ga mutum a gefensa ya zama kamar tururuwa. Kafin komai, goge gilashin kyamarar da gefen rigarka. Wannan kaɗai ya gyara hotuna da yawa.

Fantiyon, tsohon gidan bautar Rumawa da aka mayar majami'a, shi dokarsa daban: tsakar rana yake so. An gina shi zamanin Sarki Hadriyan, wajen shekara ta 125, ƙubbarsa na da faɗin mita 43, a tsakiyarta kuma akwai buɗaɗɗen rami mai faɗin kusan mita 9. Ta nan kaɗai haske ke shigowa in ka ɗebe ƙofa. Wajen sha biyu sai ka ga hasken ya sauko kamar ginshiƙi. Taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, ka ja hasken ƙasa kaɗan, sai zanen ƙubbar ya fito ɓaro-ɓaro. In aka yi ruwa ma kada ka fasa zuwa, don ta ramin yake zubowa ya bi 'yan ƙananan hudojin da ke daɓen. Tun 2023 ake biyan kuɗin shiga. Ka kuma tuna majami'a ce har yanzu: a rufe kafaɗa da gwiwa, wanda ba ya ba mu wahala, sai dai maza ana so su cire hula. Ni dai naɗe tawa na yi na sa a aljihu.

Tsakanin azahar da la'asar ka ajiye kyamara, ka ci abinci, ka miƙe ƙafa. Babban masallacin Rum da aka buɗe a 1995 yana can arewacin birni, nesa da waɗannan wurare, don haka ka tsara inda za ka yi sallah tun da safe. Ruwan sha kuwa kada ka saya. A kan tituna akwai famfunan ƙarfe da suke kira nasoni, ma'ana manyan hanci, suna zuba dare da rana, ruwan sanyi ƙalau. Toshe bakin famfon da yatsa, ruwan zai tsarto ta wani ɗan rami da ke sama, ka kafa baki ka sha. Takalmi ma ka zaɓi mai taushi. Ni da sabon sau-ciki na je, duwatsun da aka shimfiɗa a titunan suka sa kwana na biyu ina ɗingishi.

Da la'asar sakaliya ka hau tudun Kamfidoliyo, ka zaga bayan ginin majalisar birni. Forum gaba ɗaya na ƙarƙashinka, ba ko sisi, rana kuma tana bayanka tana yi wa ginshiƙan launin zinariya. Babbar ƙofar da ke kusa da kai an gina ta ne a 203 don Sarki Saftimiyus Seberus, haifaffen Leftis Magna da ke Libiya ta yau.

Akwai abubuwan da za su jawo maka tara. An hana zama a kan shahararriyar matakalar tsakiyar birni da ake kira matakalar Sifaniya tun 2019. Ba a ɗaukar hoto a cikin majami'ar Sistin da ke Batikan. Jirgi marar matuƙi ka bar shi a gida, rubuta suna a bango kuwa maganar kotu ce. Wanda ya yi shigar sojan Rumawa ya ce ku yi hoto, ko wanda ya kama hannunka zai ɗaura maka zare yana kiranka ɗan'uwa, kuɗi zai nema. A cikin bas mai lamba 64 kuma ka mai da jakarka gaba, don 'yan sane sun san baƙo.

Bayan magariba ka koma Kolosiyam, lokacin da aka kunna fitilu amma sama ba ta gama yin baƙi ba. Jingina wayar a kan katanga, ka sa ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa uku don kada hannu ya girgiza ta. Da ka isa masauki, tura hotunan ranar zuwa ma'ajiyar intanet kafin ka kwanta, ka sa waya a caji.