Wayar Ekstenshan a Wurin Aiki: Kurakuran da Ke Ƙona Inji, Su Kuma Ja Mutum

Kafinta ko mai walda zai yi wata da watanni yana tari don ya sayi giranda ko zarton wuta mai kyau. Zai je da kansa, ya juya injin, ya duba kamfani, ya yi ciniki. Amma idan aka zo kan wayar da za ta kai wa injin wuta, sai ya miƙa wa yaron shago 'yan canji ya ce ya samo wadda ta fi araha. Daga nan yawancin matsala ke farawa. Wayar ekstenshan wani sashe ce ta injin, duk wutar da injin zai sha ta cikinta take bi, ita ce kuma ke kwance a ƙasa ana taka ta, ana jan ta, ruwa na taɓa ta.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne amfani da siririyar waya a aikin da ya fi ƙarfinta. Ekstenshan ɗin da aka yi don cajin waya da kunna talabijin ba na giranda ba ne, ko da filogin ya shiga daidai. Kaurin jan ƙarfen da ke cikin wayar shi ne ke nuna iya wutar da za ta ɗauka, kuma ana rubuta shi a jikin robar. Mai kaurin murabba'in milimita 0.75 ba ta wuce amfiya 6 (amfiya ita ce ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Mai 1.0 tana ɗaukar amfiya 10, mai 1.5 kusan 16, mai 2.5 kuwa har 25. Wutar da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar volt 220 zuwa 230 ce, don haka lissafin ba shi da wuya: duba wat ɗin da aka rubuta a jikin injin, ka raba shi da 230, ka samu amfiyarsa. Ƙaramar giranda mai wat 800 tana shan amfiya 3 da rabi. Babba mai faifan inci 9, wadda ke kai wat 2,200 ko fiye, tana shan kusan amfiya 10, kuma a daidai lokacin da take tashi tana fizgar ninkin wannan na ɗan lokaci. Ka ga mai 0.75 ba ta da abin da za ta yi a nan. Ga aikin shago, kada ka sauko ƙasa da 1.5, idan kuma wurin da nisa, ka hau 2.5.

Nisan nan mutane ba sa sa shi a lissafi. Kamar tiyon ban ruwa ne: in ya yi tsawo kuma ya yi siriri, ruwan da ke fita a baki ba ya da ƙarfi. Amfiya 10 a cikin wayar 0.75 mai tsawon mita 50 za ta zubar da sama da volt 20 a hanya, kuma abin da ya zube zafi yake zama a jikin wayar. Mai 2.5 a wannan tsawon volt 7 ko 8 kawai za ta rasa. To ka haɗa wannan da ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi tun daga taransfoma. Injin zai riƙa nishi, faifan yana tsayawa da zarar ka danna shi a ƙarfe, kai kuma kana ƙara dannawa don aiki ya tafi. Kafin wani lokaci sai warin ƙuna, koyil ya tafi. Da yawa daga injunan da ake kai wa masu naɗin koyil ba su da laifin komai, waya ce ta kashe su. Gyaran shi ne ka matso da aikin kusa da soket ko ka matso da janareta kusa da aikin, a sarari inda hayaƙi ke fita, ka yi amfani da waya ɗaya mai kauri. Jona ekstenshan uku a jere don a kai wuta bayan gini yana ƙara asarar, kuma kowace mahaɗa wuri ne na zafi da tartsatsi.

Akwai kuma yaudarar kasuwa. Za ka ga waya mai kauri a ido, an rubuta 2.5, amma roba ce ta cika ta, zaren cikin ɗan kaɗan ne. Wata kuma alminiyom ce aka shafa wa ruwan jan ƙarfe. Alminiyom bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba, kusan kashi 60 cikin 100 yake ɗauka, ga shi yana saurin karyewa idan ana lanƙwasa shi kullum. Kafin ka biya, ka sa a feƙe bakin wayar, ka kankare zaren da wuƙa. In fari ya bayyana a ciki, ka ajiye musu kayansu. Ta gaske tana da nauyi a hannu. Ni a ganina gara mutum ya sayi waya mai kyau ta mita, ya sayi filogi da soket na roba mai ƙarfi, ya sa mai aikin wuta ya haɗa masa, da ya sayi haɗaɗɗiya mai ƙyalli wadda bai san cikinta ba.

Barin waya a naɗe yayin aiki wani abu ne da ko waɗanda suka daɗe a sana'a suna yi. Ka ja mita 5 daga kan gangar da ake naɗe wayar, sauran mita 20 na naɗe, ka kunna zarto. Zafin da ke fita daga kowane zagaye ba ya samun iska, yana taruwa a tsakiya, robar ta yi laushi, ta narke, zare ya taɓa zare. Daga waje ba za ka ga komai ba sai hayaƙi ya tashi. Shi ya sa masu ƙera irin wannan ganga suke rubuta lamba biyu a jikinta: kusan wat 3,000 idan an warware duka, amma ƙasa da wat 1,000 idan tana naɗe. A shagon kafinta, inda ƙurar katako da fenti da sinadarin tsinka shi suke ko'ina, wannan ya isa ya tashi gobara. Ka warware ta gaba ɗaya, ka shimfiɗa ragowar a gefe. Bayan minti goma na aiki ka dafa wayar da filogin. Ɗumi kaɗan ba komai. In ta yi zafin da ba ka son riƙewa, ka tsaya.

Yanzu ga wanda ya fi damuna. Filogi ya fashe, ba a sayi wani ba, sai a feƙe waya biyu a cusa su tsirara cikin soket, a tokare da tsinken ashana. Ana yi a shaguna, ana yi a wurin gini, yara masu koyon aiki suna kallo suna ɗauka haka ake yi. Zaren da aka cusa haka ba ya zama daram, yana motsi, yana tartsatsi, ramin soket ya yi baƙi ya buɗe. Wanda ya zo zarewa yatsunsa na dab da ƙarfe mai wuta. Sannan an jefar da abubuwa biyu da filogi mai ƙafa uku ke ɗauke da su. Na farko fis, wanda bai wuce amfiya 13 ba, aikinsa ya tsinke kafin waya ta kama wuta. Idan fis yana yawan tsinkewa, faɗa maka yake akwai matsala. Naɗa masa zaren waya ko takardar kwalin sigari mai ƙyalli rufe masa baki ne kawai. Na biyu doguwar ƙafar sama, wato ta wayar ƙasa, mai launin kore da rawaya. Duk injin da jikinsa ƙarfe ne, idan wayar wuta ta goge a ciki ta taɓa jikin, wannan koriyar wayar ce za ta kwashe wutar ta sa fis ko bireka (makunnin da ke yanke wuta da kansa) ya yanke. In babu ita, wutar tana nan a jikin injin tana jiran hannun da zai kama. Saboda haka ekstenshan mai zare biyu bai dace da irin wannan inji ba. Injunan da aka yi musu rufi biyu na roba suna da alama a jiki, ƙaramin murabba'i cikin babba, su ne ba sa buƙatar wayar ƙasa. Amma tunda ekstenshan ɗaya ake jona wa kowane inji a shago, ka sayi mai zare uku ka huta. Wajen ɗaura filogi kuma, zare mai launin ruwan ƙasa ko ja shi ne mai wuta, yana zuwa gefen fis. Shuɗi ko baƙi ɗaya gefen. Kuma a ɗaure maƙallin da ke riƙe robar waje, don idan an ja wayar kada zaren ya zare.

Faci da leda ko salatif na takarda ba gyara ba ne. Idan faifai ya yanki waya, ko ƙarfe mai zafi ya faɗo mata, ka yanke wurin ka sa filogi da soket, ka samu gajeru biyu masu lafiya. Ko baƙin salatif na wuta, rana da ƙura suna sa shi ya saki. Haka ɗaukar dirili ta wayarsa, da fizgo filogi daga nesa, suna karya zaren a daidai inda ya shiga injin, inda ido ba ya gani.

Da damina abin yana ƙara muni. Mahaɗa kwance a ƙasa, ruwa ya taru, mutum da silifas ko ƙafa ba takalmi, jiki ya jiƙe da gumi. Jiƙaƙƙiyar fata tana barin wuta ta wuce fiye da busasshiya nesa ba kusa ba. Masu yankan tayil da masu wankin mota da inji su ne suka fi shiga wannan haɗari, domin aikinsu da ruwa yake tafiya. A rataye mahaɗa sama, a sa takalmi mai tafin roba. A nan ya kamata a san wani abu: fis da bireka waya suke karewa, ba mutum ba. Wutar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya, alhali fis na jiran 13. Abin da ke kare mutum shi ne na'urar RCD mai miliamfiya 30 (miliamfiya kashi ɗaya ce cikin dubu na amfiya), wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido da zarar ta ji tana zurara ta wata hanya. Akwai ta sawa a allon wuta, akwai ta jonawa a soket. Tana da maɓallin gwaji, a riƙa danna shi. Idan da ƙaramin janareta kake aiki, ka sa ƙwararre ya duba haɗin, don a kan wasu janaretoci ba ta aiki yadda ya kamata sai an yi musu haɗin ƙasa.

Ɗauke wuta ma yana da nasa tarkon. Kana cikin gurza ƙarfe aka ɗauke, ka ajiye giranda a kan benci da makunninta a kulle, ka fita shan iska. Aka dawo da wuta, ta tashi da kanta, ta yi tsalle da faifanta a kan duk wanda ke kusa, galibi yaron da aka bari yana shara. Da zarar wuta ta ɗauke, ka kashe injin ka zare filogi. Haka lokacin canza faifai ko haƙorin zarto: kashe makunni kaɗai bai isa ba, filogin ya kasance a gabanka kana ganinsa.

Sai waya mai filogi a kai biyu, wadda ake jona janareta da soket ɗin bango don a bai wa shago wuta. Idan kai ɗaya na jikin janareta, ƙafafun ɗaya kan tsirara suke da cikakkiyar wuta. In an manta ba a raba shagon da layin waje ba, wutar za ta koma kan layi ta sami ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin babu wuta, in an kawo wuta kuma janaretan ya ƙone. Makunnin canji tsakanin layi da janareta shi ne hanya. Babban injin walda kuwa ba na ekstenshan ba ne sam, layinsa daban ake ja masa da birekarsa.

Idan tsautsayi ya faɗa, wuta ta kama wani, kada ka taɓa shi da hannu. Ka kashe daga tushe ko ka zare filogi. In ba hali, ka tsaya a busasshen wuri ka ture wayar da busasshen katako. Idan ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine a fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya nemi mota ko ya kira 112. Madarar da ake ɗura wa wanda wuta ta ja ba ta cire komai daga jiki, wanda ya suma ma tana iya shaƙe shi. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, a kai shi asibiti a duba zuciyarsa da ƙunar, domin ƙunar wuta takan yi zurfi a ciki fiye da abin da ke bayyane a fata. In waya ce ta kama da wuta, a yanke wutar tukuna, kada a watsa ruwa tana jone. Kowane yaron shago ya san inda babban makunni yake tun ranar da ya fara zuwa, kuma kada a jingine katako ko ƙarfe a gabansa.