Kurakuran da aka fi yi wajen gwada cika faifan CD fiye da kima da yi masa zane da leza

Duk wanda na'urar buga faifai mai abubuwan burgewa ta faɗo hannunsa, abu biyu yake fara gwadawa: ya ga iya kayan da faifai ɗaya zai haɗiye, sannan ya ga lezar ta zana masa suna ko hoto a jikin faifan. Ba laifi. Abin da ya ishe ni shi ne yadda ake gwajin. Mutum zai ga manhaja ta rubuto cewa aiki ya kammala lafiya, ya zaro faifai, ya mayar da shi cikin na'urar da ta buga shi, ya ga fayiloli sun buɗe, shi ke nan ya fara shela cewa ya gwada, abin yana yi. Malam, ba ka gwada komai ba tukuna.

Faifai mai minti 80 yana ɗaukar wajen megabayit 700, mai minti 74 kuma 650. Hanyoyin wuce wannan iyaka ba ɗaya ba ne, kuma nan ma ake cakuɗa su. Akwai tura rubutu ya zarce inda faifan ya ce ya ƙare, har ya ci gefen da aka bari don rufe shi. Da wannan ake cika faifai masu minti 90 da 99. Akwai GigaRec da Plextor ta sa a na'urarta PlexWriter Premium a 2003, wanda ke gajarta 'yan ɗigogin da leza ke yi, har faifan 700 ya ɗauki kusan 980. Akwai kuma HD-Burn na Sanyo mai ninka faifan zuwa gigabayit 1.4, wanda ba ya karantuwa sai a na'urar da ta san tsarin. Dukkansu kauce wa ƙa'idar da aka gina na'urorin karanta CD a kai ne, wani kaɗan, wani da yawa. Na'urar da ta yi rubutun ta san hannunta, za ta karanta. Ta motarka fa? Ta kwamfutar wanda za ka bai wa faifan fa?

Wannan kuskuren ni ya fara ci. Na taɓa tara sautin hirarrakin da na naɗa na tsawon watanni, na ga faifai biyu zai ci, sai kwaɗayi ya ce mini ai mai minti 99 guda ɗaya ya isa. Na buga, na buɗe fayil biyu na farko, suka yi tas, na goge na kwamfuta don wuri ya matse ni. Bayan kusan shekara na'urar ta mutu. Na kai faifan kwamfuta uku: kowacce ta nuna sunayen fayilolin reras, ta karanta na farko-farko, da ta iso na ƙarshe sai ta hau gurnani ta tsaya. Hira huɗu suka tafi, kuma ba irin waɗanda ake sake yi ba ne. Garin neman gira na rasa ido, a kan faifai ɗaya tal da na ƙi ɓatawa.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin: rubutun CD daga tsakiya yake farawa ya zagayo zuwa baki. Duk abin da ka cusa fiye da kima a bakin faifan yake zama, inda rini, wato shafen da leza ke ƙonawa ta yi rubutu, ya fi rauni, inda yatsu ke taɓawa, inda ƙarzuwa ke fara kamawa. Jerin sunaye kuwa yana can ciki, shi ya sa ganin sunan fayil ba ya nuna fayil ɗin na nan. Tun daga lokacin, ga al'adata: in kwafe faifan gaba ɗayansa ta wata na'ura daban, biyu in da hali, tsohuwa da sabuwa, in gwama da na asali. In na waƙa ne, waƙar ƙarshe nake fara sawa, in bar ta ta kai ƙarshe. Idan na'urar na iya ƙirga kurakuran karatu, ina duba su: ƙa'ida ta yarda da matsakaicin C1, wato ƙananan kurakuran da na'ura ke gyarawa cikin sauƙi, har 220 a daƙiƙa, amma ni da na ga C2, wato manyan kurakuran da suka fi ƙarfin gyaran farko, ko kaɗan a wajen baki, faifan ya tashi daga na ajiya ya koma na wasa. Wasu na cewa na cika tsanani. Su ce. Kuma abin da ba ni da kwafinsa a wani wuri, ba na sa shi a faifan da aka cika fiye da kima, ko da ya ci jarrabawar duka.

Ƙananan kurakurai na nan birjik. Kar ka yi mamaki in faifai mai minti 99 ya gaya wa manhaja cewa 80 ne bai cika ba, haka suke bayyana kansu, kai za ka buɗe wa manhajar iyaka da hannunka. A zaɓi buga faifan gaba ɗaya a zama ɗaya, ba waƙa-waƙa ko kashi-kashi ba. A rage gudu. GigaRec ma bai yarda ya wuce 8x ba, wato ninki takwas na gudun faifan waƙa, kuma yana kashe kariyar da ke ceto faifai in bayanai sun yanke, don haka a rufe sauran manhajoji a bar kwamfuta ta yi abu ɗaya. Sannan minti da megabayit ba ma'auni ɗaya ba ne: sashe ɗaya na faifan waƙa bayit 2352 ne, na fayiloli 2048, ragowar galibi na gyaran kuskure ne.

Sai zane, inda na fi ganin shirme. DiscT@2 da Yamaha ta fito da shi a na'urar CRW-F1 a 2002 yana yin zanen ne a fuskar da ake rubuta bayanai, a filin da rubutu bai taɓa ba. Ka ji fa, filin da ya rage. To ta yaya mutum zai cika faifai har baki, yana murnar ya wuce 700, sannan ya juyo yana tambayar me ya hana zane fitowa? A ina za a zana, a iska? Abubuwan nan biyu kishiyoyi ne, wuri ɗaya suke nema. In kana son zanen da ido zai kama daga nesa, sai ka haƙura da kaso mai tsoka na faifan, domin zoben da ke bakin faifai ya fi na ciki cin wuri nesa ba kusa ba. Kuma da zarar an zana, an rufe faifan ke nan, ba ƙari.

Na ɓata faifai kusan goma kafin in gane cewa launin rini ne ke mulki a nan. Na sayo masu haske, kalar azurfa da ɗan ruwan zinare, na zana, na fito da su ina karkatawa a gaban fitila kamar mai duban jabun kuɗi, da ƙyar nake hango inuwar haruffa. Na zargi na'ura, na zargi manhaja, ashe ni ne. Rinin azo mai shuɗi mai duhu shi ke fito da zane sosai, sai mai shuɗi-kore. Juya faifan ka dubi cikinsa kafin ka saya da yawa. Hoton fuska mai inuwa-inuwa ma ɓata lokaci ne. Manyan haruffa da tambari baƙi da fari su ke fita, kuma ka tuna a zagaye za a lanƙwasa su.

Kar kuma a haɗa wannan da LightScribe na HP da ya zo a 2004. Shi a bayan faifai yake zane, wajen da ake rubuta suna da alƙalami, sai da faifai na musamman mai shafe na daban, kuma kifa shi ake yi a cikin na'ura. Nakan ga mutum ya sa faifai na gama-gari yana jiran abin al'ajabi, ko ya manta bai kifa ba. In zanen ya fito dishi-dishi, sake maimaita shi a kan faifan nan, na'urar na gane inda ta fara ta alamomin da ke zagaye da ramin tsakiya, sai ya ƙara duhu. Amma kar ka bar shi a rana ko a gaban gilashin mota, yana koɗewa. Ni nawa a kwali suke, cikin aljihun tebur, kuma duk da zanen ina rubuta ranar bugawa a jikin kwalin da biro.