Yadda ake gyara hoton fure ya koma kamar zanen hannu

Kyamarar waya ba ta tsallake komai. Tana kwaso furen tare da jijiyoyin ganyensa, da ƙurar da ta kwanta a kai, da ledar da iska ta maƙala a jikin shinge. Shi kuwa mai zane da fenti yakan zaɓi wuri guda ya fito da shi tsaf, ya bar sauran su narke cikin launi. Saboda haka mafi yawan aikin wanda yake son hotonsa ya yi kama da zane ragewa ne, kuma gwanintar tana ga sanin inda za a rage da inda za a bari.

Aikin yana farawa tun wurin ɗauka, domin ranar Yamai da tsakar rana takan ƙone launi, kuma abin da ya ƙone babu manhajar da za ta dawo da shi. A fita da safe kafin ƙarfe 9, ko bayan la'asar. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske ya kashe kaifin inuwa, sai dai a riƙa goge idon kyamara saboda ƙura. Masu lambuna a bakin kogi da masu sayar da shuke-shuke a gefen hanya suna da furanni iri-iri, kuma ya kamata a yi musu sallama a nemi izini kafin a shiga tsakanin tukwanensu. Idan an saita hoton, a taɓa furen a fuskar waya, sannan a ja alamar haske ƙasa kaɗan har launin ya yi nauyi. A kuma zagaya a sami wurin da abin da ke bayan furen ya yi nisa da shi, ko a riƙe kwali mai launi guda a bayansa, wanda zai kuma tare iska.

Fure mai faɗin fuska ya fi dacewa da wannan aiki. Furen kuɓewa da na yakuwa, masu launin rawaya mai haske da jan duhu a tsakiya, suna buɗewa da safe, kuma yini guda kawai suke yi. Furen tumfafiya, wanda mutane ke wucewa ba su kalla ba, yana da fari da shunayya da ke shiga juna kamar da gangan aka haɗa su. Akwai kuma bado a tafkuna bayan damina, irin furen da mai zanen nan na Faransa, Claude Monet, ya zana kusan sau 250 kafin rasuwarsa a 1926. Bugenbiliya, wadda ta rufe katangun gidaje da yawa a birnin nan, tana da wata dabara: abin nan mai launi ganye ne da ya rikiɗe, ainihin furen shi ne ɗan ƙaramin farin da ke tsakiya, kuma a kansa ya kamata a saita idon kyamara.

Don gyaran, manhajar Snapseed ta kamfanin Google ta wadatar, kyauta ce, kuma tana aiki ko babu intanet. Da farko a datse gefunan hoton, a goge tabo da ramukan da ƙwari suka ci. Daga nan a shiga wurin daidaita haske, a rage bambancin da ke tsakanin haske da duhu, a sauke wuraren da suka yi fari fat, a ɗaga inuwa kaɗan. Mutane da yawa suna ƙara ƙarfin launi a wannan mataki, alhali kuwa ja da shunayya su ne suka fi saurin cushewa, har ninkin furen ya ɓace ya zama dunƙule guda. Ya fi kyau a rage shi kaɗan.

Mataki na gaba shi ne jigon aikin. A cikin sashen Snapseed mai suna Détails, kamar yadda yake a wayar da aka saita da Faransanci, akwai ma'aunin da aka rubuta wa Structure, wanda ke tafiya daga 100 ƙasa da sifiri zuwa 100 sama da shi. Idan aka ja shi baya, ƙananan layuka da ɗige-ɗigen da ke jikin fure suna shafewa, launuka su kwanta sumul. A gwada tsakanin 40 da 60 ƙasa da sifiri, a ƙara ɗan ƙyalli mai taushi a kai, a kuma dusashe bayan hoton. A wannan gaɓa hoton zai yi kama da wanda hannun mai ɗaukarsa ya girgiza, amma kada a tsorata. A buɗe jerin gyare-gyaren da aka yi, a taɓa matakin shafewar, a zaɓi alamar buroshi. Wannan buroshi yana da matakai 0, 25, 50, 75 da 100, kuma da shi ake shafa gyaran a inda ake so da yatsa. A sa 100 a bayan hoton da ganyayen gefe, 75 ko 50 a bakin furen, 25 yayin da ake kusantar tsakiya, sannan a bar tsakiyar a kan 0. A furen kuɓewa, wannan yana nufin ƙwayoyin garin rawaya da ke jikin sandar tsakiya za su fito ɗaya-ɗaya, jan duhun da ke kewaye da su kuma ya malala a hankali cikin rawaya. A ƙara girman hoton da yatsu biyu yayin shafawa, kuma a bi yadda furen ya buɗe, daga ciki zuwa waje.

Saura kamannin abin da aka yi zanen a kai. Ba sai an nemo shi a intanet ba, domin bangon laka da aka yaɓe da hannu, da ƙyallen akoko, da takardar buhun siminti da aka murje, duk suna bayar da shi. A ɗauki hotonsu lokacin da haske ke zuwa daga gefe, don tudu da kwarinsu su fito. Sai a ɗora wannan hoto a kan na furen ta hanyar Double exposition, wato sashen Snapseed da ke haɗa hotuna biyu, a rage ƙarfinsa har ya zama sai an lura za a gan shi, sannan a yi amfani da buroshin nan a share shi daga tsakiyar furen. Bangon laka yana kawo ɗan ja-ja, wanda ke yi wa farin fure kyau amma yana dagula shunayya, don haka a mayar da hoton bangon baƙi da fari tukuna idan tumfafiya ake gyarawa.

Akwai hanyoyin da ke mayar da hoto kamar zane da taɓawa ɗaya, irin su manhajar Prisma da ta fito a 2016, da matatar fentin mai da ke cikin Photoshop, da makamanciyarta a GIMP ga masu kwamfuta. Aibinsu shi ne suna murɗa kowane sashe na hoto da ƙarfi iri ɗaya, shi ya sa wanda ya saba yakan gane su nan take. A ganina amfaninsu ɗaya ne: a ɗora sakamakonsu a kan hoton asali da rabin ƙarfi, a share tsakiya kamar yadda aka yi a baya.

Wajen adanawa, a fitar da kwafi a bar hoton asali yadda yake, kuma a duba saitin manhajar kada ta rage girmansa. Duk lokacin da aka sake adana hoton JPEG, wato nau'in hoton da yawancin wayoyi ke ɗauka, ingancinsa yana raguwa, don haka a gama dukkan gyara a zama ɗaya. WhatsApp yana matse hoto, launukan da suka narke cikin juna su rabu zuwa layi-layi, sai dai idan an tura shi a matsayin takarda, wato Document, kuma haka ya kamata a tura wa mai bugawa. Hoto mai ɗigo 4000 a tsawo da 3000 a faɗi yana fita sarai a kusan santimita 34 da 25, kuma tun da wannan salo ba ya dogara ga kaifi, ana iya wuce hakan. A nemi takarda marar sheƙi, a kuma fara buga ƙarami don gwaji, domin hoto a takarda yakan fi yadda ake ganinsa a waya duhu.