Suturar Namiji A Daren Walimar Jirgin Ruwa: Abin Da Zai Ɗinka Da Yadda Zai Sa

Ni tela ne a wani ƙauye da ke kusa da Ringim, kuma abin da ya sa na san wannan magana shi ne wani baffana, tsohon malamin firamare, wanda ɗansa da ke aiki a Ingila ya gayyace shi su yi mako guda a cikin jirgin ruwan yawon buɗe ido. Bayan an gama girbin gero ya zo shagona da takardar da aka turo masa ta waya, ya ce, "Ɗana, an ce akwai daren da ba a shiga wurin cin abinci sai da kwat, to ka auna ni." Na dubi dattijon da ya haura shekara saba'in bai taɓa ɗaura lakataye a wuyansa ba, na ce, "Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya, bari mu fara karanta takardar tukuna." Abin da muka gano a ranar, da abin da ya dawo ya ba ni labari, da abin da na ƙara bincika daga baya saboda wasu mutum biyu da suka zo da irin wannan buƙata, shi ne zan shimfiɗa a nan.

Waɗannan jiragen otal ne da ke tafiya a kan teku, da ɗakunan kwana da gidajen cin abinci da zauren taro. A yawancin ranaku mutum yana sa kayansa na yau da kullum, amma ana ware wasu darare da fasinjoji ke caɓa ado, a ci abinci na musamman, masu ɗaukar hoto su jeru a mashiga, wani lokaci ma kyaftin ɗin jirgi ya fito ya gaisa da jama'a. A tafiyar mako guda yawanci dare biyu ne, kuma ba a cika sa su a daren farko ba, domin akwatuna ba su gama isa ɗakuna ba, haka kuma ba a sa su a daren ƙarshe, domin a wannan daren ake ajiye akwatuna a bakin ƙofa ma'aikata su kwashe. Kowace yamma ana kawo takardar shirin gobe ɗaki, kuma a cikinta ake rubuta irin suturar da ake buƙata.

Abu na farko da mutum zai yi, kafin ya sayi ko yadi ɗaya, shi ne ya san kamfanin da zai bi, domin ba su zama ɗaya ba. Cunard, mai jirgin Queen Mary 2 da ke ratsa tekun Atlantika tsakanin Sawsamton ta Ingila da Niyok ta Amurka, shi ne ya fi riƙe tsohuwar al'ada, kuma dokar suturarsa tana fara aiki daga ƙarfe 6 na yamma. P&O da Princess su ma suna da darare na musamman da ake girmamawa. MSC, wanda jiragensa ke tashi daga wurare irin su Dubai da Durban ta Afirka ta Kudu, yana da daren walima, sai dai an fi sassautawa. Norwegian kuwa ba ya tilasta wa kowa. Saboda haka wanda ya aiko da gayyata shi za a tambaya ya turo ƙa'idar kamfanin a rubuce, da adadin dararen, kada a dogara da "an ce".

A cikin takardar da aka turo wa Baffa, bayan an ambaci taksido, wato baƙin kwat na musamman na walima, da kwat mai duhun launi, akwai layin da ya ce an yarda da cikakkiyar suturar ƙasa ta girmamawa. Wannan layin shi ne ya warware mana komai. Mutumin Sikotlan yana shiga da fatarinsa mai zane-zane, Ba'indiye yana shiga da doguwar rigarsa mai maɓallai, Balarabe da alkyabbarsa, to babu dalilin da zai sa Bahaushe ya bar babbar rigarsa a gida ya je ya cusa jikinsa cikin kwat ɗin gwanjo da aka ɗinka don wani. Ra'ayina a wannan wuri a fili yake: ga duk wanda bai saba da kwat ba, babbar riga ta fi masa daraja, ta fi masa sakewa, kuma ta cika ƙa'ida. Sharaɗin kawai shi ne ta zo cikakkiya, wato riga da 'yar ciki da wando da hula da takalmin da ya dace, domin suturar da ake nufi ita ce wadda mutum zai sa ranar ɗaurin auren ɗansa ko ranar hawan sallah, ba jallabiyar da ake zuwa sallar asuba da ita ba.

Wajen zaɓen yadi nakan ba da shawarar shadda mai kyau wadda ba ta cika kauri ba. Cikakken saiti yana cin kimanin yadi 10, kuma idan aka ɗauko mai nauyi aka ƙara mata aiki mai yawa, sai ta cinye rabon wasu kayan a cikin akwati, alhali jiragen sama da yawa kilo 23 suke ba kowace jaka. Wanda zai shiga Kantin Kwari ya riƙe yadin a hannu, ya dunƙule gefensa ya saki, ya ga yadda yake komawa, domin yadin da ya riƙe tamoji a kasuwa zai fi haka a cikin akwati. Ta fuskar launi, fara tas tana da kwarjini a ƙarƙashin fitilun zaure, amma ɗigon miya ɗaya ya isa ya ɓata dare, kuma babu damar wanki cikin gaggawa. Na fi son ruwan toka, ko shuɗi mai duhu, ko ruwan ƙasa, da aikin zare mai launin yadin, irin aska biyu ko aska takwas ga wanda ke son na gargajiya. A wurin da maza kusan duka suke cikin baƙi da fari, riga mai natsattsen launi ta fi jan girma a kan mai walƙiya.

Akwai wata riga da nake ƙauna amma ba na bari a tafi da ita, ita ce rinanniya mai shuni, irin wadda aka rina a karofi aka kai ta wurin masu bugu har ta yi ƙyalli. Kyanta ba shi da na biyu, sai dai shuninta yana zuba, kuma kujerun wurin cin abincin jirgi da mayafan teburinsa sau da yawa farare ne ko masu haske. Mutum ba zai so ya tashi daga kujera ya bar shaidar zamansa a kanta ba.

Inda na fi ɓata lokaci a ɗinkin Baffa shi ne tsawo da faɗi. Jirgin ruwa yana da matakala da yawa, lungunansa matsattsu ne, kuma idan teku ta motsa sai mutum ya riƙe ƙarfen gefe da hannu ɗaya. Rigar da ke jan ƙasa haɗari ce a irin wannan wuri, don haka na tsayar da tasa a tsakiyar ƙwauri, wando kuma daidai idon sawu. Na rage faɗin hannuwan da kimanin taƙi guda a kowane gefe, yadda idan ya naɗe su a kafaɗa za su zauna ba tare da ya riƙa gyarawa kowane minti ba. A teburin cin abinci ana jera kofuna da cokula da yawa a gaban kowa, kuma hannun riga da ya zamo daga kafaɗa yana iya share kofi ko ya faɗa cikin kwanon miya. Na sa Baffa ya zauna a kan kujera a shagona, ya naɗe rigar, ya miƙa hannu kamar zai ɗauki gishiri a tsakiyar tebur, muka yi ta gwadawa har sai da na ga ta zauna masa. Duk telan da aka kawo wa irin wannan aiki ya yi wannan gwajin kafin ya miƙa kaya.

Idan dararen biyu ne, ba dole ba ne a ɗauki manyan riguna biyu. Ana iya sa babbar riga a daren farko, a dare na biyu kuma a sa kaftani mai kyau na shadda, mai aiki a wuya da hannu mai maɓalli, da hula ta daban. Sai dai a jirgi mai tsauri irin na Cunard na fi son a maimaita babbar rigar da sabuwar 'yar ciki da wata hula, domin kaftani shi kaɗai yana iya yi wa mai tsaron ƙofa kama da kayan yau da kullum.

Hula kuwa a kai ta wurin mai wankin hula tun da sauran mako guda, ta bushe sosai a kan gungume, sannan a sa ta cikin ƙaramin kwali ko a cusa mata safa a ciki don kada ta lotse. Zanna bukar ko kube duk sun dace. Abin da za a kiyaye shi ne iska: idan aka fita saman jirgi bayan cin abinci, a cire hular a riƙe a hannu, domin abin da ya faɗa teku ya tafi ke nan. Takalmi shi ne inda mutanenmu suka fi yin sakaci. A gida muna sa babbar riga da buɗaɗɗen takalmi kuma babu laifi, amma a waɗannan darare wasu gidajen cin abincin ba sa son buɗaɗɗen takalmi ga maza. A nemi sau-ciki na fata, baƙi ko ruwan ƙasa, da safa mai duhu, a kuma fara sa shi a gida na wasu kwanaki don kada sabon takalmi ya yi wa mutum kanta a tsakiyar teku.

Wanda ya saba da kwat, kamar ma'aikacin banki ko lauya, hanyarsa gajeriya ce. Kwat baƙi, ko shuɗi mai duhu, ko toka mai duhu, da farar riga mai dogon hannu, da lakataye marar hayaniya, da baƙin takalmi da ya sha gogewa, sun wadatar a kusan kowane jirgi. Taksido shi ne matakin sama: baƙin kwat mai sheƙi a kwalarsa, da wando mai siririn layi mai sheƙi a gefe, da ɗan ƙaramin lakataye mai siffar malam-buɗe-littafi. Ba na ganin hikimar sayensa don dare biyu, sai ga wanda zai riƙa amfani da shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwat ya zauna a kafaɗa, hannun farar rigar ya ɗan leƙo daga hannunsa, kuma a bar maɓallin ƙasa a buɗe. Musulmi kuma ya duba abu biyu da ba kasafai ake tunawa da su ba: lakataye masu tsada da yawa na alharini ne zalla, maɓallan hannu kuma akwai na zinariya, kuma an hana maza sa su. Akwai lakataye na foliyesta da na auduga da na ulu, akwai maɓallan azurfa, don haka a karanta ɗan ƙyallen da ke bayan kaya kafin a biya kuɗi.

Maganar guga ita ce ta ba Baffa mamaki. Ba a yarda fasinja ya shiga da dutsen guga ba, saboda gobara ita ce abin da masu jirgi suka fi tsoro, kuma idan na'urar bincike ta gano shi a akwati za a karɓe shi sai ranar sauka. Wasu jiragen suna da ɗakin wanki na fasinjoji da dutsen guga a ciki, wasu kuma sai dai a ba ma'aikata su goge a biya. A nan akwai abin lura, domin mai gugar jirgi bai san babbar riga ba, yana iya shimfiɗe ta ya kashe mata layin ninkin da muke so, ko ya ɗora zafi kai tsaye a kan aikin zare. Mafita ita ce a yi mata sitaci da guga mai kyau tun a gida, a ninke ta ninkin da aka saba, a sa ta cikin leda mai faɗi, a ɗora ta a saman akwati ba a ƙasa ba. Da an isa ɗaki a ciro ta a shimfiɗe a kan shiryayye, kada a rataye ta a banɗaki kamar yadda ake yi wa kwat don tururi ya warware shi, domin tururi yana kashe sitaci, iskar teku ma da danshinta tana sassauta shi. Idan dole sai an bayar da guga, a bayar tun ranar farko, a kuma nuna wa ma'aikacin cewa ta bayan aikin zai goge, domin ranar walima kowa yana kai nasa kuma layi yana tsawo.

A ranar kanta, a duba lokacin cin abincin da aka ba mutum, domin a jirage da yawa zama biyu ake yi, ɗaya wajen ƙarfe 6, ɗaya bayan ƙarfe 8, kuma ɗayansu yakan ci karo da magariba ko isha gwargwadon inda jirgi yake. Ya fi sauƙi a yi alwala kafin a sa kaya, tun da banɗakin ɗakin jirgi ƙarami ne ƙwarai, ba wurin da za a shiga da babbar riga ba ne. Turare a shafa kaɗan, domin zauren a rufe yake, kuma sau da yawa ana haɗa mutum tebur ɗaya da baƙin da bai sani ba. Turaren wuta kuwa kada a ma ɗauko shi, dokar da ta hana dutsen guga ta hana shi. Na'urar sanyaya zauren tana da ƙarfi, saboda haka dattijo ya sa singileti mai ɗan kauri a ƙarƙashin 'yar ciki. Katin ɗaki shi ne makulli kuma shi ne kuɗi a cikin jirgi, don haka na yi wa 'yar cikin Baffa aljihu mai zik a gefen dama, inda hannunsa zai kai ba tare da ya ɗaga rigar gaba ɗaya ba.

Wanda ya gaji, ko jiri ya kama shi saboda motsin teku, ba a tilasta masa. Akwai wurin cin abinci na ɗauki-da-kanka a saman jirgi da ake shiga da kayan yau da kullum ko a daren walima, ana kuma iya kawo abinci har ɗaki. Baffa dai ya halarci duka dararen biyu. Da ya dawo ya kawo mini rigar in duba, ya nuna mini wurin da zare ya ɗan saki a bakin aljihu, ya ce a daren farko wata tsohuwa Baturiya da mijinta sun tsayar da shi a bakin matakala suna tambayar ko da hannu aka yi aikin ƙirjin, shi kuma ya juya musu bayan yadin suka ga ƙullin zaren da idonsu.