Yadda aka riƙa cin abinci a mashayar unguwa a Ingila cikin dokar takunkumin fuska ta 2020

A garuruwan Ingila da ƙauyukanta, gidajen da ake kira pub ba wuraren shan giya kaɗai ba ne, domin da yawansu suna dafa abinci, kuma nan ne abokan aiki ko na karatu suka fi gayyatar mutum. An rufe su a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, aka sake buɗe su ranar 4 ga Yuli, sannan daga 24 ga Satumba aka wajabta wa masu zuwa cin abinci sanya takunkumin rufe hanci da baki. An daɗe da janye waɗannan dokoki, don haka bayanin da ke tafe na yadda ake yi ne a wancan lokaci na 2020. Jigon dokar a lokacin shi ne zama da tsayuwa: wanda ke zaune a teburinsa yana ci ko sha yana iya cire takunkumi, amma da ya miƙe tsaye sai ya mayar da shi.

Da farko, kafin ka bar gida, ka buga waya ko ka shiga shafin wurin ka kama tebur, saboda an rage kujeru don a ba da tazara. Ka ƙidaya mutanenka, domin daga 14 ga Satumban 2020 an hana mutum fiye da shida su taru, sai fa in 'yan gida ɗaya ne. Ka kuma zaɓi lokaci da wuri, tunda a wancan zamanin ƙarfe 10 na dare ake rufe ƙofa, ba a lokacin ake karɓar odar ƙarshe ba.

Idan ka iso, ka sanya takunkumin tun kana waje, ya rufe hanci da baki duka. Ba lallai ne ya zama irin na asibiti ba. Mayafi ko wani ƙyalle ma ya wadatar muddin ya zauna sosai a gefen fuska. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 da masu wasu larurori na lafiya ba su cikin wannan doka. A bakin ƙofa za ka tarar da man tsaftace hannu da takarda mai lambar QR, wadda za ka ɗauka da manhajar NHS COVID-19 ta hukumar lafiyar ƙasar a wayarka. Wanda ba shi da manhajar sai ya rubuta sunansa da lambar wayarsa, a ajiye su kwana 21 don a iya nemansa idan wani da ya zo ranar ya kamu.

Daga nan ka tsaya har ma'aikaci ya raka ka teburinka. Kada ka nufi kantar sayar da abin sha kamar yadda aka saba kafin annobar, domin a lokacin a zaune ake yin oda, a zaune kuma ake kawo komai. Nan ne ya kamata Musulmi ya yi tambaya ba tare da jin nauyi ba. Soyayyen kifi da dankali shi ne abin da yawancinmu ke zaɓa don kauce wa naman da ba a san yankansa ba, sai dai a irin waɗannan gidaje akan kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki da giya, haka ma wasu miyar nama. Ka tambayi ma'aikacin, ka ɗan ɗaga murya, don shi ma da takunkumi yake kuma magana ba ta fita sosai. A ganina, zuwa da rana ya fi, lokacin da iyalai ne suka fi yawa, masu sha kuwa ba su cika ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne tashi zuwa bayan gida. Ka ninke takunkuminka ka sa a aljihu ko a 'yar leda mai tsabta, ba a kan tebur kusa da faranti ba, kuma ka mayar da shi kafin ka ture kujera. Ko ka hango wani sani a wani tebur, ka ɗaga masa hannu daga inda kake, kada ka je ku gauraya.

Biyan kuɗi ma a tebur ake yi, galibi da kati. A 2020, tarar ƙin sanya takunkumi fam 200 ce a karon farko, tana kuma ninkuwa har zuwa fam 6,400. Waɗannan dokokin Ingila ne. Sikotilan da Wales da Ireland ta Arewa kowacce da nata a lokacin, don haka mai tsallakawa can sai ya duba kafin ya kama tebur.