Kafin ka biya kuɗin tsohuwar tarakta

'Yan'uwa manoma, don Allah kada sabon fenti ya ruɗe ku. Ni dai Massey Ferguson 290 ko 375 nake zaɓa, saboda injin Perkins ne a ciki: makanikan Garwa sun san shi, kayan gyaransa kuma ana samowa daga Yola ko Kano. Tarakta mai kwamfuta kuwa, in ta tsaya a tsakiyar damina, sai ka yi ta jira ciyawa na cin gona.

Ka je da sassafe, a tayar da injin a gabanka yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana shan baƙin mai. Sannan a ɗaga garma, a kashe injin, ka tsaya ka gani. In ta sauko nan take, akwai gyara a haidirolik, wato na'urar da ke ɗaga garma, ka rage kuɗinsa tun wurin ciniki.