Kurakuran da ke tsayar da tantan ana tsakar huɗa

Duk shekara da ruwan shuka ya sauka, wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni, sai ka ga tantan, wato motar noma, tsaye a tsakiyar gona, direba kwance a ƙarƙashinta, manoman da suka biya kuɗin haro suna inuwa suna jira. A ce tsautsayi ne. Galibi kuwa tun bara aka jawo shi, ranar da aka kwance garma aka yasar da ita bayan gida da laka a jikinta.

Laka tana riƙe danshi, tsatsa ta cinye faifan garmar, wato ƙarfen da ke yanka ƙasa. Faifai mai tsatsa ƙasa take manne masa maimakon ta zame ta kife, tantan ta riƙa nishi tana shan mai. Maganin bai kai kuɗin goro ba: a wanke garma da haro, su bushe, a shafe faifan da baƙin man da aka juye daga inji, a ɗora su kan katako cikin rumfa. Batirin tantan kuma a cire shi a adana.

Sai giris. Boris ɗin faifai cikin ƙasa yake wuni, don haka kowace safiya yake son giris, ko bayan kamar awa 10 na aiki. Wasu direbobin suna sakawa, amma ba sa goge bakin da ake ɗura shi, sai su tura yashi ciki da hannunsu. A goge tukuna, a yi ta matsawa har tsohon giris ya fito. Kafin fita, kama faifan ka girgiza. In yana rawa, boris ya fara tafiya, gara a canza shi a gida da a nemi bakanike a daji. Notuna ma a bi su da sifana, domin jijjigar haro tana kwance su.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne matatar iska. Ƙurar da tantan ke shaƙa a gonakinmu ba kaɗan ba ce, amma za ka ga yaron mota ya ciro matatar yana bugawa a jikin taya. Takarda ce fa, bugun yana yaga ta, ƙura ta wuce kai tsaye cikin inji. Da iska ake hure ta, daga ciki zuwa waje, in ta huje a sayi sabuwa. Tsofaffin tantan masu kwanon mai a ƙasan matatar, a zubar da man idan ya yi laka, a zuba sabo daidai layi. Wanda ya cire matatar gaba ɗaya wai inji ya samu numfashi, shuɗin hayaƙi ne zai ba shi amsa.

Baƙin mai da awa ake lissafa shi, ba da wata ba. Yawancin irin su Massey Ferguson 375 kusan awa 250 ne tsakanin juye da juye. Mai haya da ke aikin awa 12 kullum, cikin mako uku ya cinye su, alhali shi yana ganin ai kwanan nan ya yi juye. In agogon awa ya mutu, a riƙa rubutawa a littafi. Man gas na duro kuwa a bar shi ya kwanta, a tace, sannan kullum a tsiyaye ruwan da ke taruwa a kofin matatar mai kafin ya isa famfon injekta.

Idan inji na zafi, kada a yarda bakanike ya cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar. A duba lagireto tukuna, sau da yawa ciyawa da ƙura ne suka toshe shi, ko bel ɗin fanka ya saki.

A jikin garma akwai ƙusar da aka yi musamman don ta karye idan garma ta ci karo da kututture ko dutse. Mutane su ga tana yawan karyewa, su sa guntun rodi a madadinta. Daga ranar rodin ba zai karye ba, ƙafar garmar ce za ta lanƙwashe. In tana yawan tsinkewa, gonar ce ke da kututture, ko kuma an shiga ƙasa tun ba ta jiƙu ba. A tone kututturan tun da rani, a jira ruwa ya ratsa, sannan direba ya ajiye ƙusoshi biyu ko uku na asali a akwatin kayan aiki.